Tsakanin Ƙas da Ƙas

Nepa a Tudun Jukun ba ta sallama.
Ƙarfe biyun dare take shigowa,
kamar mai bin bashi da ya san kowa na gida.
Sai Baba ya lalubi takalmi,
ya je ya kunna injin rijiya,
ya zauna kan turmi yana jiran tanki ya yi amai.
Shekara tara haka.
Ran da santsi ya kwashe shi a bakin magudana
na rantse sai injin nan ya koyi tashi da kansa.

Ni malamin lissafi ne, ba injiniya ba.
Na rubuta bukatata a bayan takardar jarrabawa,
na nufi Sabon Gari.

Shagon Sallau bai fi akurki ba,
amma rabin duniya na cikin gwangwanayen madararsa:
kafasita kamar ƙwayar gyaɗa,
rizisto masu ɗamara ja da ruwan ƙasa,
dalma a naɗe kamar taliya.
Ba ya tambayar me za ka saya,
sai dai, me kake so ya faru?
Na faɗa masa. Ya tura tabarau goshi,
ya zaro rile daga gawar wani firji,
ya kara mini a kunne, ya taɓa batir:
ƙas.
Ya ce, ka ji? Sabo na kwali ba shi da wannan murya.

Sensar ruwa kam babu.
Ya tura ni Samaru wajen wata Rifkatu
da ta gama karatu, ragowar kayanta na kwalin sabulu.
Ta sayar mini biyu, ta yi mini gyara da zane a bayan rasit,
ta ce ko da wasa kada ja ya taɓa baƙi.
Ya taɓa.
Ƙaurin da ya tashi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga.
Asabe ta tsaya da ludayi a hannu:
Injiniya, in zuba tuwo ko in kira 'yan kwana-kwana?

Ɗan allon mai ƙwaƙwalwa
daga Legas ya taso a aljihun direba.
Sati uku ina zarya Kwangila,
yau mota ta mutu a Mokwa, gobe lamba ba ta shiga.
Da ya iso, a ledar burodi,
bai kai akwatin ashana ba,
kuɗinsa kuwa rabin buhun masara.
Waya kamu shida da tsohon gidan mita
wajen 'yan gwangwan na tsinto su a Muciya,
a kan sikeli aka yi cinikinsu.

Daren gwaji ban runtsa ba.
Wuta ta zo. Ƙas. Injin ya ɗauka.
Ruwa ya hau, ya hau, ya taɓa sensa.
Ƙas. Shiru.
Ko ɗigo bai sauka ƙasa ba.
Na juya zan koma ɗaki, kaina ya fi hulata,
sai ga Baba kan turmi, tocila a kashe.
Ya ce, to, ni kuma fa?

Washegari na koma wa Sallau,
na ce yau ban san sunan abin da nake nema ba.
Ya saurara har na kai aya.
Ya daɗe yana tonon gwangwani,
sannan ya miƙo ɗan ƙwan fitila kore, kamar idon mage.
Ɗari biyu, ya ce. Ja waya har gefen gadonsa.

Yanzu in wuta ta zo, koren na kamawa.
Baba ba ya fita. Yana kwance, ido biyu,
yana jan carbi tsakanin ƙas da ƙas.
Da safe, tun kafin in gama durƙusawa,
zai ba ni rahoto:
jiya yaron naka ya ƙara carbi ɗaya a kan na shekaranjiya.
Ko dai rijiya ta fara ja baya,
ko ka je ka faɗa wa Sallau.